Nazarin Lamari: Yadda Adaftoci Biyu Suka Lalata Fedojin Jita Huɗu a Dare Ɗaya

Wata ranar Litinin da hantsi wani matashi, makaɗin jita a ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ake gayyata wasa a wuraren bikin aure a Kaduna, ya shigo shagona da jakar goyo, ya zazzage fedoji shida a kan teburin aiki. Ga wanda bai saba da kayan makaɗa ba, feda ɗan akwatin ƙarfe ne da girmansa bai fi tafin hannu ba, ana jona ta tsakanin jita da amfilifaya, makaɗi ya taka ta da ƙafa a duk lokacin da yake son muryar jitar ta sauya. Wata tana sa sauti ya yi kaushi, wata tana maimaita shi kamar amsa-kuwwa, wata kuwa aikinta kawai ta nuna masa ko tsirkiya ta saitu. Tun kafin in ɗauki sukundireba na ji ƙauri yana tashi daga biyu a cikinsu, irin ƙaurin fanel, wato allon da kayan cikin na'ura ke manne a kansa, idan ya sha zafi, wanda duk mai gyara ya san ba ya barin hanci da wuri.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, janaretan wurin bikin ne ya ƙona min kaya ranar Asabar." Na tambaye shi halin da amfilifayarsa take ciki, ya ce lafiya lau. Miksa da fiyano da lasifikoki fa? Duk sun yi aiki har aka tashi. Alhali kuwa dukkansu a layin wuta ɗaya suke da fedojin, kuma da wuya janareta ya yi ambaliyar wuta ya ƙyale manyan na'urorin da ke sha daga gare shi kai tsaye, ya je ya zaɓi 'yan akwatunan da ke bayan adafta. Sai na tambaye shi wace adafta ya yi amfani da ita. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce tasa ya manta a gida, ya ari wata a jakar kayan ƙungiya. "Amma na duba, Malam, 9 ne a jikinta, kuma ta shiga." Na ce masa, "Ƙanena, ba zan buɗe ko ɗaya ba sai ka kawo min wannan adaftar, da duk wata da ta taɓa waɗannan fedoji a daren." Washegari ya dawo da adaftoci biyu, kuma da su ne gaskiyar lamarin ta fito.

Abin da ya faru a daren

Tsarinsa shi ne wanda yawancin makaɗanmu ke amfani da shi saboda sauƙin kuɗi: adafta ɗaya mai bolt 9, da waya mai kawuna biyar a jere, wadda zan riƙa kira sarƙa, kowane kai yana shiga feda guda. Fedoji biyar ne a kan sarƙar. Akwai mai saita tsirkiya, da mai ɗumama sauti da makaɗa ke kira obadiraib, da mai kaushi da suke kira distoshin, da busta mai ƙara ƙarfi, sai dilai mai amsa-kuwwa, wadda ta fi su duka tsada domin ƙaramar kwamfuta ce ke sarrafa sauti a cikinta. Ta shida, fedar wah mai sa jita ta yi kukan "wa-wa", ba ta cikin sarƙar, da batir take aiki, kuma wannan kaɗai ya raba ta da abin da ya sami 'yan uwanta.

Adaftar da ya ara mai nauyi ce, ta wata tsohuwar na'urar sarrafa sauti da ƙungiyar ta daina amfani da ita. Da ya cusa kanta a bakin sarƙar ya ji ya ɗan yi sako-sako, sai ya naɗe wurin da salatif don kada ya zare. Yana kunna soket fitilun fedojin suka kama, lasifika kuma ta ɗauki wani gurnani mai kauri da ya danne muryar jitar. Ya zaci wayar jitarsa ce ta samu matsala, ya shiga canza wayoyi, adaftar kuma tana nan a jone. Ya ƙiyasta cewa an ɗauki kamar minti ɗaya a haka kafin fitilun su mutu gaba ɗaya, ƙauri ya tashi, ya taɓa adaftar ya ji ta yi zafi, ya fizge ta.

A nan kuskure na farko ya ƙare, kuma da ya tsaya a nan da asarar ba ta taka kara ta karya ba. Ya ciro batir ɗin fedar wah ya riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Mai saita tsirkiya ta tashi, dilai ma ta tashi tana aiki sumul. Distoshin ba ta motsa ba, busta ta kunna fitila babu sauti, obadiraib kuwa da ya sa mata batir ɗin sai ya ji yana ɗumi a hannunsa. Ya yanke shawarar yin wasan da dilai kaɗai a kan batir. Sai dai batir ɗin ya jima a cikin wah, wadda abin da take ja bai fi miliamfiya ɗaya ko biyu ba (ma'aunin yawan wutar da na'ura ke ja ke nan, miliamfiya dubu ne amfiya ɗaya), don haka ko rarraunan batir yana iya riƙe ta wata da watanni, ita kuwa dilai irin wannan tana jan abin da ya kai miliamfiya 50 ko fiye. Ba a jima ba fitilarta ta dushe, sautin ya fara tsinkewa. Da aka yi hutun cin abinci ya ga adaftar ajiya ta mai fiyano, ya karanta ya ga bolt 12, ya ce a ransa bolt uku ne kawai bambancin. Ya cusa, kan ya zauna daram fiye da na farko. Fitila ba ta kama ba, ya bar adaftar a jone yana ta taka maɓallin, har ya ji wata 'yar ƙara tas daga cikin akwatin. Garin neman gira ya rasa ido.

Dalilin da ya sa "9 ne, kuma ta shiga" bai wadatar ba

Na ajiye adaftocin biyu a ƙarƙashin fitila muka karanta tare. A jikin ta farko an rubuta 9V AC 2000mA, kuma kusa da lambar akwai 'yar alama mai kama da igiyar ruwa. Shi lambar 9 kawai idonsa ya kama, haruffa biyun da ke biye da ita bai san suna da ma'ana ba. Wutar da feda ke bukata ita ce DC, miƙaƙƙiyar wuta mai tafiya ta fuska ɗaya kamar ta batir, alamarta dogon layi da ɗige-ɗige a ƙarƙashinsa. AC kuwa wuta ce mai kai-komo irin ta soket ɗin bango, wadda a Najeriya take zagayawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Adaftar AC taransifoma ce kawai a cikin kwali na roba, tana rage bolt 230 zuwa 9 ba tare da ta miƙar da wutar ba, domin na'urar da aka yi ta dominta tana da nata kayan miƙarwa a ciki. Na'urori sanannu da dama haka aka ƙera su, kamar koriyar dilai ta Line 6 mai suna DL4 da ta fito a 1999, da Whammy ta huɗu ta kamfanin DigiTech, da injin ganga na Alesis SR-16, kuma babu laifi a hakan muddin kowace tana tare da adaftarta.

Akwai wani abu game da lambar AC da mutane da yawa ba su sani ba. Bolt 9 ɗin da aka rubuta ba shi ne ƙololuwar wutar ba, wani matsakaicin ma'auni ne. Ƙololuwar tana ninka shi sau 1.41, wato kusan bolt 12.7. Sannan taransifoma da aka yi don ɗaukar amfiya biyu, idan nauyin da ke kanta kaɗan ne, tana ba da fiye da abin da aka rubuta. Da na auna wannan a mita ta nuna bolt 10 da ɗoriya, wanda ke nufin ƙololuwarta ta haura 14. Na kuma nuna masa wani abu da ke ruɗar masu koyon gyara: da na juya mitar zuwa ma'aunin DC sai ta nuna kusan sifili, har mutum ya ɗauka adaftar ta mutu, alhali tana nan da ƙarfinta.

Ta biyun DC ce, bolt 12, amfiya ɗaya da rabi, ita ma tsohuwa mai taransifoma wadda ba ta da regileta, wato abin da ke tsayar da bolt a lamba ɗaya, don haka da na auna ta babu nauyi ta haura bolt 15. Amma ba yawan bolt ne babban aibinta ba. A jikinta akwai ɗan zane: ɗigo a tsakiya, rabin da'ira na kewaye da shi, layi ya fita daga ɗigon zuwa alamar +, wani kuma daga da'irar zuwa alamar −. Ma'anarsa fozitif ne a tsakiyar kan, negetif a jikin waje. Haka yawancin kayan gida suke, daga rauta zuwa dikoda zuwa fiyano da yawa. Fedojin jita kuwa akasin haka ne, negetif a tsakiya, fozitif a waje. Kama da wane ba ta wane.

Wannan saɓani yana da asali, kuma ba don a wahalar da kowa aka yi shi ba. A 1977 kamfanin Boss, reshen Roland na Japan, ya fitar da ƙananan fedojinsa na farko, OD-1 da PH-1 da SP-1, kuma tsarin wutar fedojinsa ne ya zama abin da akasarin masu ƙera feda suka bi. Feda tana da batir a ciki, ana kuma bukatar ya yanke da kansa idan an jona adafta. Ƙafar negetif ta batir an riga an ba ta wani aiki, domin ta soket ɗin shigar jita take bi, shi ya sa feda ba ta kamawa sai an cusa wayar jita, kuma shi ya sa batir ke ƙarewa idan an bar wayar a ciki ta kwana. Saura ƙafar fozitif ke nan, ita za a yanke. Shi kuwa ɗan ƙarfen da ke yankewa a soket ɗin adafta, jikin waje na kan ne ke ture shi. Dole ke nan fozitif ya koma waje. Dabara ce mai kyau a cikin feda, sai dai kan da aka zaɓa, mai kaurin milimita 5.5 da rami mai milimita 2.1, shi ne dai kan da ke jikin dubban na'urori masu akasin tsari.

Hatta sako-sakon da ya ji a adaftar farko yana da bayani. Masu ƙera na'urorin AC sukan yi amfani da kai mai ramin milimita 2.5, don kada adaftar feda ta shiga na'urarsu. Amma wannan kariyar ta ɓangare ɗaya ce: ƙaramin rami ba ya hawa babban tsinke, babban rami kuwa yana hawa ƙaramin tsinke har ya taɓa. Sako-sakon nan shi ne gargaɗi ɗaya tilo da kayan suka yi masa, shi kuma ya rufe shi da salatif.

Abin da na tarar a cikin fedojin

Na fara da obadiraib. Kusa da soket ɗin wuta akwai baƙin dayod, ɗan abin da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, mai zobe fari, na dangin 1N4001, fanel ɗin da ke ƙarƙashinsa ya koma ruwan ƙasa, dalmar ƙafafunsa ta dushe kamar an sake narka ta. Lafiyayyen dayod irin wannan idan aka auna shi yana nuna kimanin rabin bolt ta fuska ɗaya, ta ɗaya fuskar kuma a rufe yake. Wannan kuwa mita ta yi ta kuka ta kowace fuska, wato ya narke ya zama waya. An ɗora shi ne a gicciye tsakanin fozitif da negetif, ta yadda idan wuta ta zo daidai ba ya yin komai, idan ta zo a juye sai ya buɗe ya kwashe ta kafin ta isa ga sauran kayan. Da wutar AC, sau 50 a kowace daƙiƙa wutar tana zuwa masa a juye, kuma babu wani abu tsakaninsa da taransifoma mai amfiya biyu sai siririyar waya. An yi shi ne don amfiya ɗaya. Ya jure iya jurewarsa, sannan ya narke.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne cewa mutuwarsa ce ta ceci sauran. A kan sarƙa dukkan fedojin a layi ɗaya suke, don haka da ya zama waya sai ya haɗe fozitif da negetif na sarƙar baki ɗaya, wutar ta faɗi ƙasa, fitilu suka mutu, taransifoma ta ɗauki zafi. Lokacin da matashin ya ga komai ya mutu ya ɗauka ƙarshen ɓarna ke nan, alhali a lokacin ne ɓarnar ta tsaya. Shi ne kuma dalilin da batir ya yi ɗumi a wannan fedar, domin ƙafafunsa biyu aka haɗe. Na cire dayod ɗin, na ba fedar bolt 9 daga na'urar ba da wuta ta kan tebur wadda na ƙayyade mata miliamfiya 20 don kada wani abu ya ƙara ƙonewa, ta ja ƙasa da 10, tsakiyar wutarta ta tsaya a bolt 4.5 kamar yadda ya kamata, aisinta, wato ɗan baƙin abu mai ƙafafu da ke sarrafa sauti, mai lamba 4558 lafiya lau. Na canza kondensar da ke kusa da dayod ɗin, wato 'yar gangar da ke tara wuta, duk da ba ta kumbura ba, domin ta sha cika da zubewa sau 50 a daƙiƙa, ga kuma zafin maƙwabcinta.

Distoshin tana da irin wannan dayod, amma a gabansa an sa rizista, abin da ke rage gudun wuta, mai om 47 (om ne ma'aunin ƙarfin ragewar). Ita ce ta ɗauki azabar. Na same ta ta yi baƙi ƙirin, launukan jikinta sun goge, da na taɓa ta da tsinke sai fatarta ta ruguje kamar gawayi. Lissafinta a fili yake: bolt 10 a kan om 47 na rabin kowane zagaye yana haifar da zafin da ya kusa wat ɗaya, ita kuwa rubu'in wat aka yi ta ta ɗauka. Ta ƙone ta yanke layin, ta yi aikin fiyus ke nan, dayod ɗin da ke bayanta bai ji komai ba. Gyaran bai ɗauke ni minti goma ba.

Busta da mai saita tsirkiya su ne suka fi koyarwa, domin kariya iri ɗaya gare su amma ƙarshensu ya bambanta. Dukkansu dayod ɗinsu a jere yake da layin wuta, kamar ƙofar da ke buɗewa ta fuska ɗaya kawai. Wutar da ta zo a juye ba ta wucewa ko kaɗan, don haka da adaftar fiyano aka sa musu da ba abin da zai same su ta wajen juyewa. Amma da AC sai wannan ƙofar ta zama mai miƙar da wuta: tana barin rabin zagayen da ya zo daidai ya wuce, kondensar da ke bayanta ta cika har ƙololuwa, fedar ta sami DC mai kusan bolt 14. Mai saita tsirkiya tana da regileta mai bolt 5 na dangin 78L05, wanda ke jure har bolt 30 a mashigarsa, don haka ɗan ɗumi kawai ya yi. Busta kuwa tana da aisi mai ninka wuta, mai lamba 7660, wanda ke ɗaukar bolt 9 ya samar da wani layin wuta na daban a cikin fedar don sauti ya sami sarari. Iyakar da masana'anta suka gindaya masa ita ce bolt 10.5. Ya mutu ba tare da ƙauri ko tabo ba, sai dai idan aka ba shi wuta ya yi zafin da yatsa ba ya iya jurewa. Na maye gurbinsa da ɗan uwansa mai harafin S a ƙarshen lamba, wanda ke aiki har bolt 12. Fedoji masu irin wannan aisi su ne ya kamata mai su ya fi kiyayewa, domin ko tsohuwar adaftar DC marar regileta da aka rubuta wa 9, idan tana ba da 12 ko 13 lokacin da nauyi ya yi kaɗan, ta isa ta kashe shi.

Dilai na bari ƙarshe, kuma tun da na buɗe murfinta jikina ya yi sanyi. Kayan cikinta ƙanana ne irin na wayar hannu, a manne a fuskar fanel. Dayod ɗin kariyarta, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba, ya tsage biyu. Ita ma a gicciye aka ɗora mata shi, kuma ya tsira daga AC ne saboda na obadiraib ya riga shi ɗaukar kaso mafi yawa, ko da yake ina kyautata zaton ya raunana. Da adaftar fiyano ta zo babu wanda zai raba masa nauyi, kuma wannan karon juyayyar wutar ba ta rabin lokaci ba ce, tsaye take babu hutu. Ya narke, aka ci gaba da tura masa wuta, har ya tsage ya buɗe. Ƙarar da matashin ya ji ke nan, ko kuma ta kondensa mai bolt 16 da ke gefensa, wadda na samu kanta ya kumbura ya tsage ta wurin zanen da ke samanta. Daga lokacin da dayod ɗin ya buɗe babu sauran shamaki, juyayyar wuta ta ratsa regileta ta isa layin bolt 3.3 da ke ciyar da babban aisin sarrafa sauti.

Na canza dayod da kondensa da regileta, ina fatan ɓarnar ta tsaya a nan. Da na auna tsakanin layin 3.3 da ƙasa, wato layin negetif, sai na sami om kaɗan kawai, alamar akwai abin da ya haɗe a ciki. Na ba layin wuta 'yar kaɗan na ɗora yatsa a kan manyan aisi ɗaya bayan ɗaya, babban nan mai ƙafafu da yawa shi ne ya yi zafi. Wannan ba dayod ba ne da za a saya a kasuwa. Aikinsa ya dogara da manhajar da kamfani ya tsara wa fedar, kuma abin da za a kashe wajen nemo sabon fanel ya kusa kuɗin wata fedar ta gwanjo. Na kira shi na gaya masa gaskiya. Ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce ya fi wata shida yana tara kuɗinta.

Da ya zo karɓar kayan ya ce wani abokinsa ya gaya masa amfiya ce ta yi yawa, wai adafta mai miliamfiya 2000 ta fi ƙarfin feda. Wannan magana ta yaɗu sosai kuma ba daidai ba ce. Lambar miliamfiya iyakar abin da adafta za ta iya bayarwa ce, feda kuma abin da take bukata kawai take ja, kamar yadda mai shan ruwa a rijiya ba ya shaƙewa don rijiyar tana da zurfi. DS-1 ta Boss, wadda ta fito a 1978, miliamfiya 4 take ja, kuma ana jona ta da adafta mai 1700 ba tare da wata illa ba. Ƙarancin amfiya ne ke kawo matsala, sauti ya tsinke ko feda ta ƙi tashi. Sai dai akwai ƙwayar gaskiya a maganar abokin nasa, domin idan wutar ta zo a juye ko ta zo AC, girman adaftar ne ke yanke hukuncin ko dayod zai jure ko zai narke.

A nan ne nake da ra'ayi a kan dayod ɗin gicciye. Kariya ce da ta dace da zamanin batir, lokacin da haɗarin bai wuce mutum ya goga ƙafafun batir a juye na daƙiƙa ɗaya ba, kuma batir mai bolt 9 ba shi da ƙarfin da zai narka dayod. A gaban adafta mai amfiya ɗaya ko biyu, idan babu rizista ko fiyus a gabansa, kariyar ta 'yan daƙiƙu ce. Saboda haka, da yardar mai kayan, na ƙara wa obadiraib dayod mai lamba 1N5817 a jere da layin wuta, wanda abin da yake ci bai wuce kimanin bolt 0.3 ba, kunne kuma ba ya jin bambancin. Na gaya masa a fili cewa wannan yana tare juyayyar wuta ne kawai, ba ya hana AC hawa zuwa 14, kamar yadda busta ta nuna mana.

Ban ɗora masa laifin duka ba, domin yanayin da kayan nan ke iso mana yana da hannu. Yawancin fedojin da ke hannun makaɗanmu na gwanjo ne, babu kwali babu takardar bayani. Waɗanda suka fito daga Amurka, idan adaftarsu mai taransifoma ce, ta bolt 120 ce, ana jona ta a wutarmu take ƙonewa, don haka tun a hanya ake raba feda da adaftarta. Mai saye sai ya je wurin mai tarin adaftoci a kwali, a yi ta gwada kai har a sami wanda ya shiga. Ga shi kuma ba duk feda ce ke bin tsarin da aka saba ba. Deluxe Memory Man ta Electro-Harmonix bolt 24 take sha. Fuzz Face ta asali, ta 1966, fozitif ne a jikin ƙarfenta, idan aka sa irinta a sarƙa ɗaya da sauran sai ta haɗe layin. Tsofaffin fedojin Boss masu alamar ACA an yi su ne don adaftar da ba ta da regileta, shi ya sa wasu cikinsu fitilarsu ke dushewa a kan adaftar zamani mai bolt 9 cif. Wanda ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa waɗannan alamomi ba, lamba da girman kai kawai zai duba.

Kafin ya tafi na sa shi ya karanta min jikin adaftoci biyar daga cikin aljihun teburina, kowace ya faɗi bolt ɗinta, ya faɗi ko AC ce ko DC, ya faɗi abin da ke tsakiyar kanta, sannan ya kwatanta da rubutun da ke kusa da soket ko a ƙarƙashin fedarsa. Ya kuskure a ta biyu, ya gyara da kansa. Na nuna masa yadda zai ɗora jan tsinken mita a jikin waje na kai, baƙin a cikin rami, ya ga 9 ba tare da alamar ɗebewa a gabanta ba kafin ya jona komai. Na shawarce shi idan hali ya samu ya sayi akwatin wuta mai mafita a rarrabe, wanda kowace feda ke da nata layin, domin matsalar ɗaya ba ta shafar sauran. Na kuma jaddada masa cewa duk ranar da ya jona wuta ya ji gurnani ko fitila ta ƙi kamawa, hannunsa ya fara zuwa kan soket kafin ya nemi dalili, kada kuma ya gwada adafta ta biyu a kan abin da ta farko ta bari da rai.

Adaftar AC na naɗa mata jan salatif a wuya, na rubuta AC da manyan baƙi a bayanta, na ce ya mayar wa shugaban ƙungiyarsu ya fitar da ita daga jakar wayoyi. Ya tattara fedoji biyar masu aiki ya zuba a jakarsa. Dilai kuwa ya ce in riƙe ta, ko Allah zai kawo wata irinta da akwatinta ya fashe amma fanel ɗinta yana da rai. Tana nan a kan kanta ta biyu, na ɗaure sukurorinta a leda na manna a murfin.